Sunan mai girki ya cika gari, amma ina masuntan za su kwana?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Ni ma'aikaciyar jinya ce a kudu maso yammacin Ingila, kuma ina so ka ba ni ɗan fili in ba masu karatu labarin Padstow, wani ƙaramin gari a gaɓar tekun Cornwall, inda kogin Camel yake faɗawa teku. Mazauna garin ba su wuce 3,000 ba, amma da zafi ya shigo sai ya cika maƙil da baƙi, har wurin ajiye mota ya gagara. Da yawansu kifi ne ya kawo su, da sunan mutum ɗaya, shahararren mai girki Rick Stein.

A 1975 ne shi da matarsa ta wancan lokaci, Jill, suka buɗe The Seafood Restaurant a bakin tashar jiragen masunta. Gidan rawa ya fara gwadawa a garin, yawan faɗace-faɗace ya sa aka rufe, shi ne ya koma girki. Garin kansa a lokacin baya yake ja, don jirgin ƙasa ma ya daina zuwa tun 1967. Da BBC ta fara nuna shirinsa na girkin kifi a 1995 sai sunansa ya game ƙasar. Yau iyalin suna da wuraren cin abinci da yawa a garin, da ɗakunan saukar baƙi, da makarantar koyon girki, har wasu na kiran garin Padstein.

Ni da maigidana mun ci abinci a The Seafood Restaurant ɗin, bayan mun kama wuri tun da sauran lokaci, don ba a faɗa musu haka kawai a lokacin cunkoso. Gaskiya abincin ya yi daɗi, kuma abin da ya burge ni shi ne ƙarancin abin da aka yi wa kifin. An gasa shi, an ɗan zuba man shanu da gishiri, ga lemun tsami a gefe, shi ke nan. Mu da muka taso da tarwaɗa cikin attaruhu da albasa da kayan ƙamshi, da farko sai mu ga kamar ba a gama girkin ba. Amma kifin da bai daɗe da fitowa daga ruwa ba, aka kuma sa shi a ƙanƙara tun cikin jirgi, ba ya ƙarni ko kaɗan, tsokarsa fara tas, tana ɓarewa da kanta, da wani ɗan zaƙi da yaji zai iya binnewa. A tsakiyar ɗakin akwai kanta inda ake buɗe kawa (wani abin teku mai ɓawo), ana fasa ƙaguwa a gaban mai ci. Ma'aikaciyar da ta kula da mu ta san sunan kowane kifi da tashar da aka sauke shi. Kuɗin kam da nauyi, ba wurin zuwa kullum ba ne ga mai albashi irin nawa, amma ban fito ina cizon yatsa ba.

Ga 'yan'uwa Musulmi da ke zaune a Turai ko masu zuwa ziyara, ga wata shawara. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, ƙaguwa ce ko jatan lande ko kawa, don haka gidan abincin kifi ya fi mana sauƙi a kan na nama. Inda za a kula shi ne giya. Turawa kan zuba ta a romon kifi da miyar da ake dafa masu ɓawo, kuma ƙullun da ake tsoma kifi kafin a soya sau da yawa da barasa ake kwaɓa shi. Wasu masu suyar kuma da kitsen shanu suke yi, wanda ba mu san yankansa ba. A tambaya kafin a yi oda. Mu da muka tambaya an ba mu amsa cikin mutunci, aka nuna mana abin da babu giya a ciki.

To, amma ba daɗin baki ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ke cikin farantin nan gumin wasu ne da ba a ganinsu a talabijin. Su ne masu fita da asuba cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, su ƙetare tudun yashin nan na bakin kogin da ake kira Doom Bar, wanda ya kifar da jirage masu yawa a tarihi. Wani kifin kuma daga Newlyn ake kawo shi, babbar tashar kifi ta Cornwall. Abin mamaki, Birtaniya tana fitar da mafi yawan abin da take kamawa, ƙaguwa da lobsta (mai kama da ƙaton jatan lande) su tafi Faransa da Sifaniya, ita kuma ta shigo da mafi yawan kifin da take ci. A nan Stein ya cancanci yabo, don ya daɗe yana jan hankalin mutanensa su ci abin da ke ruwansu. Sun kuma iya tattali. Tun 2017 doka ta hana sauke macen lobsta mai ɗauke da ƙwai a Ingila, kuma a Padstow ɗin akwai cibiyar ƙyanƙyasa da ke rainon ƙananan har su yi ƙwari, sannan a mayar da su teku.

Sai dai shahara ta zo da nata nauyin. Cornwall na cikin yankunan Ingila masu ƙarancin albashi, amma attajirai daga Landan da sauran birane sun saye gidajen bakin ruwa, suna zuwa hutu na 'yan makonni, sauran shekara gidan na kulle ko ana ba 'yan yawon buɗe ido haya. Ɗan masunci da mai wanke kwanuka a gidan abincin ba sa iya kama ɗaki a garin da aka binne cibiyarsu. Ina aiki da 'yan asalin yankin da suke tuƙi mai nisa kullum saboda haka, kuma abin yana ci mini rai. Ba zan ɗora wa mai girki ɗaya laifin ba, ɗaruruwan mutane suna cin abinci a ƙarƙashinsa, kuma garuruwan da ba su da shahararren kuku ma suna fama da wannan. Mutanen St Ives, wani gari a Cornwall ɗin, sai da suka jefa ƙuri'a a 2016 cewa sabon gida na mai zama dindindin ne kawai, kuma daga Afrilun 2025 majalisar Cornwall ta ninka harajin gidan da ba mazaunin mai shi na dindindin ba ne. An yi, amma bayan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada.

Malam Edita, mu ma muna da garin da kifi ya ɗaga sunansa. Tun 1934 ake bikin Argungu, UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ana zuwa daga nesa don ganin giwan ruwan da za a ciro daga kogin Matan Fada. Ina roƙon ka tura wakilinku can bayan an watse, ba ranar biki ba. Ya zauna da Sarkawa masunta da matan da ke yin banda, a Argungu da Yauri, ya tambaye su nawa suke sayar da kifi a bakin ruwa, nawa yake kaiwa a Kano ko Abuja, nawa ke lalacewa don rashin ƙanƙara, kuma me ya shiga aljihunsu daga taron baƙin. Masu maganar bunƙasa yawon buɗe ido a wajenmu su ji wannan amsa kafin a fara rabon filayen bakin kogi.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara basira.

Taku mai karatu,
daga Cornwall, Ingila