Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Jihar Bauchi Kan Lafiyar 'Yan Kwana-kwana

Mai Girma Gwamna, Sanata Bala Abdulƙadir Muhammad, Ƙauran Bauchi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na kawo maka kukan wasu bayin Allah ne da ba a tunawa da su sai wuta ta tashi, wato ma'aikatan kashe gobara.

Wani dare a cikin hunturu wuta ta kama jerin shaguna a unguwarmu, ɗaya daga ciki na katifu ne. A kan idona wani matashin ma'aikaci ya jiƙa hankicinsa da ruwan tiyo, ya ɗaure hanci da baki, ya kutsa cikin hayaƙin da mu da muke nesa ma yake sa mu hawaye. Da ya fito sai ya zauna a bakin kwata yana ta tari, kakin da yake tofarwa baƙi ƙirin kamar gawayi. Wani dattijo ya huda gwangwanin madara ya miƙa masa, wai tana wanke hayaƙi. Da zuciya ɗaya dattijon ya yi, sai dai madara ciki take sauka, ba ta bi ta huhu.

Gobarar yau ba irin ta zamanin zana da jinka ba ce. Gidajenmu da kasuwanninmu, daga Wunti har Muda Lawal, cike suke da soso da leda da roba da wayoyin lantarki, kuma idan waɗannan suka ci wuta suna fitar da gubar sayanaid tare da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, amma tana hana jini ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. Hankici ba ya tare ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke tarewa shi ne tukunyar iska da ake goyawa a baya haɗe da marufin fuska, ita ma wajen rabin awa take yi ta ƙare, don haka sai da na'urar sake cika ta a ofis.

Akwai kuma cutar da ba ta bayyana a daren gobara. A shekarar 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Faransa, ta sanya aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na mafitsara da na tantanin da ke lulluɓe da huhu. Baƙin hayaƙi yana maƙalewa a kaya yana ratsa fata, kuma ma'aikacin da ba shi da wurin wanki a bakin aiki gida zai kai kayan, uwargida ta haɗa su da na yara a baho ɗaya.

Ranka ya daɗe, sayen sabuwar mota abin a yaba ne, amma mota a bakin titi take tsayawa, mutum ne yake shiga cikin wutar. Roƙona shi ne kowane ma'aikaci ya samu cikakkun kayan kariya daidai jikinsa, a kuma yi wurin wanka da wanki a kowane ofis. Sau ɗaya a shekara a riƙa duba huhunsu da zuciyarsu da hawan jini kyauta a Asibitin Ƙwararru, domin zafin wuta da nauyin kaya suna matuƙar gajiyar da zuciya. Wanda kuwa ya fito da gawar ƙaramin yaro da hannunsa yana buƙatar likitan da zai saurare shi, ba "sai haƙuri" kaɗai ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan, a yi aiki da ita yadda wanda ya ƙone ko iyalin wanda ya rasu ba za su yi ta yawo da takardu ofis-ofis ba.

Ina roƙon a ware wa wannan kasonsa na daban a kasafin kuɗi mai zuwa, wanda zai kai har Azare da Misau da Ningi. Kafin hunturu ya kama kuma, ka leƙa ɗaya daga cikin ofisoshin ba tare da sanarwa ba, ka ce a nuna maka tukwanen iska, a gwada su a gabanka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin birnin Bauchi