Hattara da tsofaffin kyamarorin tsaro a intanet

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu shaguna da makarantu da ke amfani da tsofaffin kyamarorin tsaro. Da yawa daga akwatunan naɗar hoto na da an ƙera su ne don tsohuwar manhajar shiga intanet ta Internet Explorer da fasaharta ta ActiveX da ke nuna hoton, kuma tun da Microsoft ya jingine Internet Explorer ranar 15 ga Yuni, 2022, mai shago kan buɗe manhajar shiga intanet ta Chrome, wadda ba ta aiki da ActiveX, ya tarar da baƙin allo maimakon hoton ƙofarsa.

Akwai mafita a Edge, manhajar shiga intanet ta Microsoft, wadda ke da yanayin da ke aiki kamar Internet Explorer, amma a sanya adireshin akwatin kaɗai a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne masu haɗa kyamarori da ke buɗe wa akwatin hanya zuwa intanet, su bar kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita daga kamfani, irin admin ko 12345. Ta wannan sakaci ne manhajar kutse ta Mirai ta kame dubban kyamarori a 2016. Ya kamata a sauya kalmar sirrin, a toshe hanyar, mai son kallo daga nesa kuma ya bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanyar intanet mai tsaro.

Naka,
Mai gyaran kyamarori, Kano