Malam Edita, a riƙa tunawa da ganuwar Ƙaitbai ta Iskandariyya

Assalamu alaikum Malam Edita, fatan alheri gare ka da ma'aikatanka.

Ɗan ƙorafi ne da ni. Duk sanda aka zo maganar Masar a shafin tarihi sai dala da Fir'auna da Azhar, shi ke nan, kamar ƙasar ba ta da bakin teku. Alhali a Iskandariyya akwai wani sansanin yaƙi a gaɓar Bahar Rum da ake kira Ƙal'atu Ƙaitbai, wallahi labarinsa ya isa shafi guda.

Sarkin Mamalik ne, wato bayin nan sojoji da suka mulki Masar, ya gina shi, Ashraf Ƙaitbai, wanda asalinsa bawa ne aka sayo shi har Allah Ya ba shi mulkin Masar daga 1468 zuwa 1496. An fara ginin 1477 aka gama 1479, dalili kuwa tsoron farmaki ta ruwa musamman daga Turkawan Usmaniyya da ƙarfinsu ke ta ƙaruwa lokacin. Shi ne fa sarkin da ya sake gina Masallacin Annabi (SAW) a Madina bayan gobarar 1481, to ka ga ba baƙon gini ba ne.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wurin da ya zaɓa. A daidai nan tsohuwar hasumiyar Faros take, wadda ke haska wa jiragen ruwa hanya tun zamanin Girkawa, girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka lalata ta, matafiyin nan Ibn Battuta ma da ya zo 1349 ya tarar ko ƙofarta ba a iya kaiwa saboda rushewa. Sai magina suka kwashi duwatsunta suka sa a sabon ginin, har yau in ka dubi bakin ƙofar shiga za ka ga manya-manyan jajayen duwatsu da ba su yi kama da farin dutsen sauran bangon ba. Wato wurin da a da ake kunna wuta don jirgi ya shigo lafiya, nan aka girke igwa don kar ya matso.

Tsarin ginin kansa ba wasa. Katanga biyu ce, ta waje mai kauri ta sha ruwa da igiyar teku, ta ciki kuma da ɗakunan sojoji da ma'ajiyar makamai, sai babban soro a tsakiya mai kusurwa huɗu hawa uku, kowace kusurwa da zagayayyar hasumiya. Tagogin 'yan sirara ne, na ciki ya harba kibiya na waje bai gan shi ba. Akwai masallaci a hawan ƙasa, akwai ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa saboda ko an yi musu ƙawanya.

Duk da haka Usmaniyya sun ci Masar 1517, ta tudu ma suka biyo. Napoliyon na Faransa ya kama wurin 1798, sai kuma ranar 11 ga Yuli 1882 jiragen yaƙin Ingila suka yi masa ruwan wuta lokacin boren da hafsan sojan Masar Ahmad Urabi ya jagoranta, ya daɗe a lalace kafin a fara gyara shi, babban gyaran kuwa an yi shi 1984.

Don Allah in za ku buga ku haɗa da hoton ƙofar nan, jajayen duwatsun su fito sosai.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum