Rahoton kwamitin gyaran gidaje da shagunan da ruwa ya ci a unguwarmu

Assalamu alaikum jama'a. Da yardar Allah aikin da kuka ɗora mana ya kammala, shi yasa shugaba ya ce in rubuto bayani a nan don waɗanda ba su samu zuwa zaman masallaci ba, musamman 'yan'uwanmu na Abuja da Kano da suka yi ta turo gudummawa ba su ga aikin da idonsu ba.

Kowa dai ya san abin da ya faru damunar bara, ruwan dare ɗaya rafin Dilimi na nan Jos ya cika ya tumbatsa ya shigo mana ta layin ƙasa. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba, ba kamar na watan Yulin 2012 ba da ruwan dam ɗin Lamingo ya ɓalle ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo aka rasa mutane sama da 30, wanda har yau in hadari ya haɗo da daddare dattawanmu ba sa runtsawa. Da gari ya waye muka zagaya da Baba mai unguwa gida gida, muka rubuta gidaje 14 da shaguna 6 da suke buƙatar gyara. Wasu katanga ce kawai ta kwanta, wasu ɗaki ne ya zauna gaba ɗaya, shadda biyu sun rufta.

Ba mu fara gini nan take ba, kuma mun sha magana a kan haka. An ce kwamiti ya karɓi kuɗi ya yi shiru. Gaskiyar magana bangon da ya sha ruwa ba a yi masa filasta sai ya bushe, in ka yi gaggawa kafin wata uku za ka ga ya kumbura yana zubowa kamar garin rogo. Kuma ruwan Jos kun san shi, sai Oktoba yake ɗaukewa. Don haka watannin farko kwashe taɓo muka yi, muka yashe rijiyoyi aka zuba musu maganin kashe ƙwayar cuta saboda ruwan shadda ya gauraya da su, muka kira mai wayarin ya duba duk soket ɗin da ya nutse kafin a mayar da wuta. Iyalan da ɗakunansu suka faɗi maƙwabta ne suka raba su, Allah ya saka musu, akwai gidan da ya riƙe mutum tara har aka gama.

Inda muka fi daɗewa muna gardama shi ne fandisho. Yawancin gidajen da suka faɗi ginin ƙasa ne aka shafe da siminti daga waje, ka gan shi fes, amma ruwa in ya kwana a gindinsa ƙasar ta jiƙe daga ƙasa sai bango ya sulale. Wasu kuma bulo ne amma an ɗora shi kusan a kan tsurar ƙasa ba a haƙa komai ba. Wasu 'yan kwamiti suka ce a tayar da bango kawai a rufa, kuɗin ya isa kowa har da fenti. Babban birkilan da muka ɗauko ya ce shi ba zai sa hannunsa ba in ba za a haƙa a zuba dutse ba. Mutumin Kirista ne daga can wajen Bukuru, kuma ba zan ɓoye ba, da farko akwai masu gunaguni, kun san tun rikicin 2001 kowa ya koma ɓangarensa, har shiga unguwar juna sai an yi tunani. To amma aikin dutse ya iya shi, yaranmu huɗu da suka yi masa lebura yanzu biyu suna jera bulo da kansu. Da azahar yakan ce musu ku je ku yi salla ku dawo, kwaɓin zai jira.

Maganarsa muka bi. Aka haƙa har aka tarar da ƙasa mai tauri, aka jera dutse da siminti, Jos dai ba a rasa dutse, aka ɗaga daɓen ɗakuna sama da inda alamar ruwa ta tsaya a jikin bango, aka shimfiɗa leda kafin a zuba kankare don kar danshi ya riƙa hawowa. Shi yasa yanzu sai kun taka matakala biyu ko uku kafin ku shiga ɗaki. Inna ta gidan kwana ta yi mana ƙorafi gwiwarta, muka yi mata gangare a gefe. Fiye da rabin kuɗin ginin nan yana ƙarƙashin ƙasa inda ba wanda zai gani, wanda ya zo ya ga ba fenti ya sani can kuɗin fentin ya shiga.

Bulo ma mun ƙone sau ɗaya. Tifar farko da muka saya a wani gidan bulo, ba zan kira suna ba, kana ɗagawa yana marmashewa a hannu, yashi ne zalla aka nuna masa siminti. Muka mayar, da ƙyar aka ba mu rabin kuɗin, asarar tana rubuce a lissafi. Daga nan muka yi hayar inji muka buga namu a filin makarantar allo, muka ce buhu ɗaya kar ya wuce bulo 35 na inci 9, ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Siminti kuwa ba sai na faɗa muku ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum kuka, lissafin da muka yi a farko sau biyu muna sake shi. Katako a kasuwar Katako muka saya, kafinta ya shafe shi da baƙin mai saboda gara, tsoffin kwanon da bai huje ba kuma muka miƙe shi muka mayar a kan kicin da banɗaki.

Shagunan ba su ba mu wahala sosai ba. An ɗaga bakin ƙofa, an yi musu kanta mai tsawo. Tela kekunansa biyu an wanke an sa mai sun tashi, mai markaɗe an sake naɗa masa kwayil, mai firiza dai tasa ta mutu murus, abin da muka iya ba shi bai kai kuɗin sabuwa ba kuma mun gaya masa gaskiya.

Saura magana mai nauyi. Cikin gidaje 14 ɗin, 12 muka gina. Biyun da suka rage a kan hanyar ruwa suke tsaf, a 2012 ma ruwa ya ci wurin aka sake ginawa. Kwamiti ya ƙi zuba kuɗin jama'a a nan, mun biya musu hayar shekara a sama, ɗaya ya karɓa, ɗayan har yanzu ba ya amsa sallamata. Ban ga laifinsa ba, gidan gado ne a nan aka haife shi, amma ko yau aka sake zama ra'ayina bai canza ba.

Rasit na komai yana hannun ma'aji, an liƙa cikakken lissafin shiga da fita a allon masallaci, na waje kuma duk mai so ya yi magana a tura masa hotonsa ta WhatsApp. Abin da ya rage siminti buhu 9 ne da ɗan rodi, muna ba da shawara a sa su a bakin kwalbatin da ya fara zaizayewa. Kwatar layin ƙasa kuma ta sake cika da leda da robar ruwa tun yanzu, wallahi har da katifa muka ciro wancan karon. An sa gayya ranar Asabar bayan sallar asuba, kowa ya fito da shebur ɗinsa, masu baro su taimaka da shi.

Sakataren kwamiti