Motar da aka sauya wa inji: a daina cire tamosta, a riƙa aunawa kafin a sayi kaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu ja hankalin masu motoci da 'yan'uwanmu makanikai. Inji ya buga, an je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna an ɗauko na Beljiyam, wani lokaci ma ba irin na motar ba, an ɗora. Bayan sati biyu sai ga mai ita ya dawo: tana tafasa, tana rawa a sulo, tana shan mai. Daga nan sai a shiga canjin kaya da ka, yau fulogi, gobe kwayil, jibi nozul, kuɗi na tafiya ciwo na nan.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne cire tamosta, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗauki zafi, da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Wannan cutar mota ne. A yawancin injinan Toyota tamosta tana buɗewa a wajen digiri 82, inji kuma ya fi jin daɗin aiki a kusan 90. Idan aka cire ta, inji zai daɗe bai ɗauki zafi ba, sensar ruwa ta yi ta gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, cewa da sauran sanyi, shi kuma ya yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya cinye tun lokacinsa bai yi ba. Mai shakkar tamosta ya jefa ta a tukunyar ruwa bisa wuta ya zuba ido: lafiyayya za ta buɗe baki kafin ruwan ya tafasa. Wadda ta ƙi, a sa sabuwa.

Tafasar kuwa, a nemi dalilinta na gaskiya. Sau da yawa an ɗora babban inji, misali 2AZ mai lita 2.4, an bar masa ƙaramin lagireton da motar ta zo da shi. Ko murfin lagireto ya daina riƙe iska, alhali ya kamata ya riƙe matsin bar 0.9 ko 1.1, yadda aka rubuta a kansa. Ko an bar iska a layin ruwa lokacin haɗawa. Ko an juya wayar fanka, tana tura iska gaba maimakon ta jawo ta cikin lagireto. A sa takarda a gaban lagireton, idan ta manne daidai ne. In kuma an buɗe murfin lagireto inji na sanyi, aka tayar, aka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, to a tuhumi gaskit ɗin sama. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana kawo tsatsa da toshewa, a zuba kulan, wato ruwan lagireto na musamman.

Rawa a sulo ita ma akwai inda ake faro mata. Batir ya nuna volt 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki. A duba wayar nagetif mai kauri da ke haɗa inji da bodi, domin ita aka fi mantawa bayan sauyin inji, kuma rashinta yana rikita sensa duka. A tabbata birenbos da wayarin na wannan injin ne. Na wani inji yana iya tayar da mota, amma lissafin mansa da wutarsa daban. Sannan a jona na'urar sikanin. Lamba P0300 na nufin wuta na tsallake, P0171 kuma iska ta yi wa fetur yawa, galibi daga tiyo da ya tsage ko wata kafa da aka bari a buɗe a bayan sensar iska. Famfon fetur ya ba da wajen bar 3 a irin waɗannan injinan.

Fulogi ma yana magana. Baƙi busasshe mai kunkunniya, fetur ya yi yawa. Jiƙaƙƙe da baƙin mai, ringi ne ko robar bawul. Guda ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi, ruwa na shiga wannan silindar.

Kafin a ce a sauke inji, a auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin da ke cikin silinda. Kowace silinda ta ba da bar 10 zuwa 13, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce bar 1. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin shayi ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. Ta ɗaga, ringi ne. Ba ta ɗaga ba, bawul ne ko gaskit, musamman idan biyu maƙwabta suka faɗi tare. Muna roƙon masu sayen inji su sa sharaɗin wannan awo da dillali tun kafin a biya kuɗi, a kuma yi shi ranar da aka ɗora, kwanakin garanti ba su ƙare ba.

Wassalam.

Wasu makanikai,
Kano.