Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Ɗaga Ƙarfe da Motsa Jiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, Malam Shugaba, masu horar da mu da sauran 'yan'uwa, godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana ƙarshen wannan shekara da rai da lafiya. Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini rubuta abin da muka yi daga Janairu zuwa Disamba. Lissafin kuɗi yana takardar ma'aji, shi zai karanta ta da bakinsa ranar taro, don haka ba zan taɓa shi a nan ba.

Zan fara da abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato masu zuwa da zafinsu su ɓace. Kowa ya san yadda rumfarmu take cika a makon farko bayan ƙaramar Sallah, har sai an yi layi a kan benci. Kafin a rufa wata biyu sai ka ga an koma mu ya mu. Da muka bi wasu daga cikinsu har gida, maganar kusan ɗaya ce: "Na yi ta yi, ban ga komai ba." Da gaskiyarsu ta wani ɓangaren. Ƙarfin da mutum yake ji yana ƙaruwa a makonnin farko, yawancinsa daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake zuwa, suna koyon yadda za su haɗa tsoka ta yi aiki tare. Girman da ido zai gani a ƙirji ko damtse sai an kwashe wata biyu zuwa uku ana yi ba fashi, ana ci, ana barci. Yaron da ya zo da hoton wani ƙato daga TikTok a wayarsa, yana duba madubi safe da yamma, zai karaya tun kafin lokacin ya yi.

Saboda haka a farkon shekara muka sayi babban littafi mai bangon kwali, muka ɗaure shi da igiya a jikin ginshiƙin rumfa, da biro a gefe. Kowane mamba da shafinsa. Ka gama, ka rubuta kwanan wata, abin da ka ɗaga, kilo nawa, sau nawa. A ganina babu abin da muka kashe wa kuɗi bana da ya kai wannan littafi amfani.

Akwai wani ƙaninmu, yaron shagon ɗinki ne, siriri, wanda idan yana magana ba ya ɗaga kai. Ranar da ya fara zuwa, sandar ƙarfen da ake ɗagawa kaɗai, mai kilo 20 ba tare da an saka mata farantan nauyi ba, sai da Koci ya tallafa masa kafin ta tashi daga ƙirjinsa. Wajen mako na shida ya same ni a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ni fa zan haƙura, jikina ba irin na wannan abin ba ne." Ban ba shi baki ba. Na jawo littafin, na buɗe shafinsa, na ce ya karanta mini layin farko da na ƙarshe. Ya karanta, ya yi shiru, ya sake bin layukan da yatsa. Rubutunsa ne da hannunsa, ba wanda zai ce zuga shi ake yi. Yau shi ne yake buɗe rumfa bayan sallar Asuba, shi ne kuma yake koya wa sababbi yadda ake kama sanda. Maigidansa ya gaya mana cewa yanzu shi yake tsayawa ya yi ciniki da masu kawo ɗinki, abin da a da yake gudu. Ire-irensa suna da dama a cikinmu, kuma duk wanda yake shakka ya je ya buɗe littafin.

Mun kuma haɗa kowane sabo da tsohon hannu ɗaya. Idan ya yi fashi sau biyu a jere, abokin nan zai kira shi, in bai ɗauka ba ya taka har gida. Inda abokan suka riƙe amana, abin ya yi aiki. Wasunmu sun yi sakaci, kuma sun san kansu.

Azumin bana ya faɗo a watan Maris, zafin Kano yana kankama. A shekarun baya rufe rumfa muke yi gaba ɗaya, sai bayan Sallah kowa ya dawo kamar bai taɓa yi ba. Wannan karon mun mayar da atisaye bayan Tarawihi, kwana biyu a mako, nauyin ma aka rage. Malaminmu ya tuna mana hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kwana biyun nan ba da ka muka tsame su ba. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, tare da minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki. Sassarfar safiyar Asabar da muke yi zuwa Filin Sukuwa, da hawan Dutsen Dala lokaci-lokaci, su ne suke cike mana wancan ɓangaren, kuma mun ci gaba da su har cikin hunturu.

Batun abinci ya ba mu wahala. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin komai ya tashi, kuma yawancinmu ɗalibai ne, 'yan Adaidaita Sahu, masu ɗinki da leburori. Wasu yara sun ɗauka in babu garin gina jiki na gwangwani na ƙasar waje to babu ƙwanji. Mun zauna da su mun yi lissafi a allo. Mai son gina tsoka yana bukatar wajen giram 1.6 na furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 yana neman kusan giram 96. Ƙwai ɗaya yana ba da wajen giram 6. Sauran kuwa ga wake, ga awara, ga ƙuli-ƙuli a garin kwaki, ga kindirmo, ga busasshen kifi. Garau-garau mai yawan wake da rana, awara da yamma, kofin nono kafin kwanciya, mutum ya yi nisa ba tare da ya ci bashi ba.

Yanzu ga maganar da ba ta da daɗi. A tsakiyar shekara muka tarar da ƙwayoyi da sirinji a jakar wani mamba, kuma bincike ya nuna ya fara tallata su ga ƙananan yara. Kwamiti ya dakatar da shi, muka kuma zauna da yayansa. Ba mu yi don tozarta shi ba, ƙofa a buɗe take ranar da ya bari. Bayan haka wani ɗan'uwa mai ilimin haɗa magunguna ya zo ya yi mana bayani. Abin da ake kira sha-ka-fashe, wani na buɗe ciki ne kawai, wani kuma irin dexamethasone ne, wanda yake tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana tayar da suga da hawan jini, tsokar ma cinye ta yake yi idan aka daɗe a kai. Allurar gina tsoka kuwa tana taɓa hanta da zuciya, tana rage maniyyi, tana iya fito wa namiji da nono. Tramadol da wasu suke sha wai don kada su ji gajiya, ƙarshensa kamu ne da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ina roƙon ku don Allah, wanda ya ga irin wannan a hannun ɗan'uwansa ya faɗa. Yaron da ya kumbura da ƙwaya ya san ba guminsa ba ne, shi ya sa ranar da ƙwayar ta ƙare yake jin kunyar fitowa cikin mutane.

Har gobe akwai iyayen da suke ganin mai ɗaga ƙarfe ɗan daba ne. Ba da baki za mu wanke kanmu ba. Mun kai wa Mai Unguwa gaisuwa, mun gayyace shi ya ga wurin da idonsa, mun fito yashe kwatoci kafin damina da ranakun tsaftar muhalli na Asabar ɗin ƙarshen wata. Wani dattijo da ya taɓa hana ɗansa zuwa, shi ya riƙo hannun ƙaramin ya kawo mana. Zaɓen 2027 yana matsowa, masu neman ƙarti su tsaya musu a bayan mota za su fara leƙowa. Matsayar kwamiti ita ce babu wanda zai je bangar siyasa da sunan ƙungiya ko da rigarta.

Ta fannin kaya, mun samo ƙarafa a Kasuwar Ƙofar Ruwa, mai walda ya haɗa mana madogarar sanda da sabon benci. Tsofaffin nauyayan siminti da muka zuba a gwangwanayen fenti duk mun ɗora su a sikeli, muka rubuta nauyin kowanne da jan fenti, domin mun gano wasu gefe ɗaya ya fi ɗaya, abin da yake jawo ciwon kafaɗa.

Abubuwa biyu da muka yi alkawari bara ba mu cika ba. Rufin rumfa yana nan yana yoyo, ya cinye mana kwanaki a watan Agusta. 'Yan'uwanmu mata da suka nemi a ware musu lokaci a killataccen wuri da mace mai horarwa, har yanzu suna jira, kuma laifin namu ne. Su za mu sa a gaba a shekara mai zuwa, tare da ajin safe na iyayenmu masu hawan jini da ciwon suga, wanda ba za a shiga ba sai da izinin likita.

Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin babban taro. Littafin bana ya kusa cika, za a buɗe sabo a Janairu, kowa ya zo ya kwafi layinsa na ƙarshe zuwa sabon shafi.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zumunci.

Wassalamu alaikum.

Sakatare,
a madadin Kwamitin Gudanarwa