Kafin a shafa wa kai rilaksa, a san abin da ke cikin robar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da iyayenmu mata da ƙannenmu a kan man miƙar da gashi, wanda ake kira rilaksa, wasu kuma su ce shamfo. Da zarar Sallah ta matso ko biki ya taso, salun-salun na Kano cika suke yi maƙil. Wasu ma a tsakar gida ake yi musu, yarinya na zaune a kan tabarma tana matsar ƙwalla, mai shafawa tana ce mata ta daure, wai sai ya yi zafi yake ci. Wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Zafin nan ba alamar kamu ba ne, fatar kai ce take ƙonewa.

Rilaksar da aka fi sayarwa iri biyu ce. Akwai ta roba, wadda ake buɗewa a shafa kai tsaye, kuma ƙarfinta daga kostik soda yake, wannan dai sodar da matan da ke haɗa sabulun ruwa ba sa taɓawa sai da safar hannu. Akwai kuma ta kwali, wadda ake ce wa kit, mai zuwa da ɗan ruwa a kwalba da ake juyewa cikin man a gauraya. Ita ba ta da kostik, amma tushenta sinadarin farar ƙasa ne, dangin wanda masana'antun fata suke jiƙa ƙirgi a ciki don gashinsa ya saki. Duk wanda ya san aikin jima a garin nan ya san abin da muke nufi. A ma'aunin sinadarai na pH da ke tafiya daga 0 zuwa 14, wanda yawan lambarsa ke nuna kaifi irin na soda, fatar kan mutum tana wajen 5 ne, rilaksa kuwa tana 12 zuwa 13. A shekarar 2019 masu bincike a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu sun auna rilaksa iri 121, suka tarar duka sun haura 11.5, matakin da ke cin fata, har da waɗanda aka liƙa wa hoton yarinya ƙarama a kwali. Saboda haka babu wata rilaksar yara mai sauƙi. Yarinyar da ba ta balaga ba a bar mata kanta.

Abin da man yake yi shi ne ya tsinka ɗaurin da ke cikin silin gashi, wanda shi ne ke sa gashinmu ya nannaɗe ya kuma yi ƙarfi. In ya tsinke ya tsinke ke nan. Babu man kaɗe, babu man kwakwa, babu stimin ɗin da zai mayar da shi yadda yake, sai dai a jira sabon tsiro. Gashi kuwa yana ƙaruwa ne da kusan santimita ɗaya a wata, don haka wadda ta shafa yau ta yi nadama gobe, sai ta shekara kafin ta samu gashin asali mai tsawon yatsa ko ɗan fiye da haka. Wannan shi ne abin da ya kamata a auna tun kafin a je Sabon Gari sayen kwali.

Akwai batun lafiya da ya wuce fata. A watan Oktoba na 2022, cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bibiyar mata 33,497 na tsawon kusan shekara 11. An kiyasta cewa cikin waɗanda ba su taɓa amfani da man miƙar da gashi ba, kashi 1.64 cikin ɗari ne za su kamu da ciwon dajin mahaifa kafin su kai shekara 70, a cikin masu shafawa fiye da sau huɗu a shekara kuwa adadin ya kai kashi 4.05. Alaƙa kawai binciken ya nuna tsakanin man da ciwon, bai kama sunan wani kamfani ba, kuma ciwon ba mai yawa ba ne. Amma a ganinmu ya isa dalilin da zai sa mace ta rage yawan shafawa, ta kuma guji shafawa a kan da ke da rauni, domin ta ƙuna da ƙuraje ne sinadari ya fi samun ƙofar shiga jiki.

To, wadda ta ji duk wannan ta ce ita dai za ta yi, kanta ne, kuma akwai yadda ake yi a tsira da gashi. Shiri yana farawa ne mako guda kafin ranar. A tsefe kitso a bar kan ya huta kwana bakwai, a cikin kwana ukun ƙarshe kuma ba wanki, ba susa, ba kankare amosani da tsinke. Kuskuren da ya fi yawa a Kano shi ne a yi tsifa da safe a tafi salun da azahar, alhali fatar kai duk ta yi tsami saboda ja. Idan akwai ƙuraje, ko makero, ko wani ciwo, a fasa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar man, a kuma guji wanda ake ɗiba a leda ko a robar da ba ta da suna, don ba a san ƙarfinsa ba.

Kafin a buɗe robar, ruwa ya zama yana ajiye. Muna nanata wannan saboda yanayin garinmu, inda famfo kan ɗauke ba sallama. A tanadi jarka biyu ta lita 25, a surka ɗaya ta yi ɗumi. Gashi da yawa ya zube ne saboda mai yana kai, ana can ana neman mai garuwa.

Sai a ɗauki ɗan sili daga ƙeya a gwada, a ga minti nawa ya ɗauka, a ja shi a hankali a ga ko zai tsinke. Idan ya yi danƙo kamar cingam, wannan kan ba na rilaksa ba ne. In ya wuce gwaji, a shafe goshi da bayan kunne da saman kunnen da ƙeya da basilin, a raba gashin gida huɗu, mai shafawa ta sa safar hannu. Daga tsakiyar kai ta baya ake farawa, inda gashi ya fi kauri, gashin goshi da na gefen kunne su ne na ƙarshe don sun fi rauni. Kada man ya zauna a kan fata, a bar ɗan tazara kamar faɗin ƙwayar wake, ɗumin kai zai ƙarasa da shi. Lokaci kuma daga shafar farko ake ƙirga shi, ba daga gamawa ba. Gashi mai laushi yakan ɗauki minti 10 zuwa 13, matsakaici wajen 15, mai tauri bai kamata ya wuce 20 ba, kuma abin da takardar cikin kwalin ta ce shi ne gaba. A sa agogon waya. Da bayan kum ko da yatsa ake lallaɓa gashin, ba a tsefe shi da haƙoran kum yana jiƙe da mai, nan ne yake tsinkewa tun daga gindi. Ba sai ya miƙe sambal ba. In an bar masa ɗan lanƙwasa ya fi ƙarko.

Wanki shi ne rabin aikin. A kwarara ruwan ɗumi aƙalla minti biyar har santsin ya tafi, sannan a sa sabulun da ke kashe kaifin man, wanda yake zuwa a cikin kwalin. Yawancinsa kumfarsa takan yi ruwan hoda matuƙar akwai sauran mai, sai a ci gaba da wankewa sau biyu, sau uku, har kumfar ta fito fara tas, har a ƙeya da bayan kunne. Sabulun wanka ko na wanki ba ya wannan aikin, shi ma dangin soda ne. Idan aka bar saura, man zai ci gaba da cin gashin a ƙarƙashin ɗankwali, bayan kwana uku a wayi gari gashi na bin matashi. Daga nan a sa kwandishina ya yi minti 15 zuwa 20. Masu amfani da kit su sani yakan bar gashi a bushe saboda farar ƙasar da ke maƙalewa a sili, abin ya fi muni da hunturu, don haka su yawaita mai.

Maimaitawa ita ce ke cinye gashin mata a garin nan. Ba a sake shafawa sai bayan mako 8 zuwa 12, lokacin da sabon tsiro ya kai santimita biyu ko uku, kuma a kan sabon tsiron kaɗai ake sawa. Tsohon gashin a lulluɓe shi da basilin ko kwandishina. Mai lafta wa kai gaba ɗaya duk wata tana dafa abin da ya riga ya dahu ne, shi ya sa za ka ga gashin ya yi ja, bakinsa ya yi siriri, shekara da shekaru bai wuce wuya ba. Kitso kuma a jinkirta shi mako biyu, haka rini. Amarya da aka yi wa rilaksa ranar Talata, aka zauna aka ja mata ƙananan kalaba ranar Laraba, ita ce bayan wata biyu take rufe goshi da kallabi saboda gaban ya zube. Garin neman gira an rasa ido. Wani abin lura ga masu lulluɓi: bayan wanka a bar gashi ya bushe kafin a ɗaure a sa hijabi, domin gashin da ya sha rilaksa in yana jiƙe ba shi da ƙarfi ko kaɗan.

Mafi yawan masu zuwa neman rilaksa in ka tambaye su, wahalar taje kai ce ta kawo su, kuma wannan tana da magani ba tare da soda ba. Gashinmu ba a taje shi a bushe. A jiƙa ganyen karkashi cokali biyu a ruwan ɗumi kofi biyu har ya yi yauƙi, a tace, a raba kan gida shida ko takwas, a shafa, a warware da yatsa, sannan a bi da kum mai manyan haƙora daga baki zuwa gindi. A sa man kaɗe tun da sauran danshi. Mai son tsayi ta yi kitson zare ta kwana biyu da shi, in ta kwance za ta ga ya miƙe, kuma ranar da ruwa ya taɓa shi zai koma yadda Allah ya yi shi. Wadda take son daina rilaksa kuma ta kula da mahaɗar sabon gashi da tsoho, nan ne yake karyewa. Ta riƙa kitso mai sassauci tana datse bakin kaɗan-kaɗan duk wata biyu.

Idan tsautsayi ya faru man ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsafta minti 20 ba tsayawa, sannan a wuce asibiti. Yaron da ya lasa kada a sa shi amai, a garzaya da shi tare da robar don likita ya gani. Ƙunar da ta yi ruwa ko ɓawo kada a ɓantare ta, kada a shafa mata man goge baki ko toka. Wadda kuma ta ga tsakiyar kanta yana sanƙo, fatar wurin tana sheƙi, ta nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani babban asibiti tun da wuri, domin inda tabo ya riga ya rufe ƙofar gashi ba ya sake tsirowa.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu sana'ar kitso da gyaran gashi,
Birnin Kano.